Kama da Wane Ba Ta Wane: Muhawara kan Ƙera Mutum a Cikin Kwamfuta

A shekarar 2001 kamfanin Square na ƙasar Japan ya saki fim mai suna Final Fantasy: The Spirits Within, wanda fuskar ɗan wasa ko ɗaya ba ta bayyana a cikinsa ba. Duk mutanen ciki a kwamfuta aka ƙera su, kuma burin masu fim ɗin shi ne mai kallo ya kasa bambance su da 'yan Adam. Jarumar, Aki Ross, silin gashi kusan 60,000 aka dasa mata a ka. An kashe dala miliyan 137, abin da ya dawo bai wuce kimanin miliyan 85 ba, kuma ba a jima ba aka rufe ɗakin aikin da aka kafa a Honolulu. Bayan shekara uku kamfanin Pixar ya fito da fim ɗin The Incredibles, inda maigidan ke da ƙaton ƙirji bisa 'yan siraran ƙafafu, siffar da ba a taɓa haihuwar mutum da ita ba. Jama'a suka karɓe shi hannu bibbiyu, fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 600. Gaskiya ne faɗuwar na farkon tana da wasu dalilai, har da rashin armashin labarin. Amma masu sana'ar zanen 3D sun riƙe wannan darasi, kuma har yau suna jayayya a kan ma'anarsa.

Tambayar da ta raba su ita ce: in ana so mutumin da aka ƙera a kwamfuta ya inganta, ina za a zuba ƙarfi? Wani ɓangare ya ce a ƙara awo: a kawo mutum na gaske, a kewaye shi da kyamarori, a kwafe fuskarsa har zuwa hudojin fata. Ɗaya ɓangaren ya ce a ƙara ilimin mai ƙira: ya san ƙashi da tsoka, ya iya kallon mutane, ya san abin da zai ƙara da abin da zai bari. Zan kira na farko 'yan awo, na biyu 'yan hannu.

Ga wanda bai taɓa leƙa aikin ba, mutum a cikin kwamfuta raga ce ta 'yan murabba'ai da alwatikai dubbai, an haɗa su sun ba da siffar jiki. A kan ragar ake shimfiɗa launin fata. A cikinta ake sa ƙwarangwal na ƙarya mai gaɓoɓi, wanda in an ja shi jiki ya motsa. Fuska kuwa ana tanadar mata siffofi masu yawa, na ɗaga gira, na murtuke goshi, na motsa leɓe, a riƙa gauraya su. Tun ranar farko awo da hannu tare suka taso. A 1972, a Jami'ar Utah ta Amurka, Ed Catmull ya yi zubin hannunsa na hagu da farar ƙasa, ya zana alwatikai da sauran siffofi kimanin 350 a kansa da alƙalami, sannan ya shigar da ma'auninsu kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Abokin karatunsa Fred Parke ya yi irin haka da fuska. Rabuwar kai daga baya ta zo, lokacin da na'urori suka yi ƙarfi har wasu suka fara ganin za a iya sallamar mai zane.

Hujjar 'yan awo mafi ƙarfi ita ce fata. Kafin shekarar 2001 fatar mutanen kwamfuta ta fi kama da roba, kuma duk gwanintar mai zane ba ta iya gyara hakan ba, domin matsalar ta lissafi ce. Manhajojin lokacin suna ɗauka haske yana dukan fata ya dawo nan take. Alhali haske shiga yake yi cikin fata, ya warwatsu a cikin nama da jini, ya fito ta wani wuri kusa. Duk wanda ya taɓa danna tocila a bayan yatsunsa cikin duhu ya ga sun yi ja, to ya ga wannan abu. A 2001 Henrik Wann Jensen da Stephen Marschner da Marc Levoy da Pat Hanrahan suka wallafa lissafin da ke kwaikwayon wannan warwatsuwa, kuma a shekarar da ta biyo wata halitta ta kwamfuta mai suna Gollum ta bayyana a kashi na biyu na fim ɗin The Lord of the Rings da fata mai rai, aikin kamfanin Weta na ƙasar Niyu Zilan. 'Yan awo sukan ce: wane mai sassaƙa ne ya ba ku wannan? Masu bincike ne suka auna, suka lissafa.

Suna kuma kafa hujja da kejin fitilu na Paul Debevec, wanda ya gabatar a shekarar 2000 kuma ya ci gaba da bunƙasa shi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Mutum yakan zauna a tsakiyar wata ƙwallo mai ɗauke da fitilu, a haska fuskarsa ta kowace kusurwa ana ɗaukar hoto, har a san yadda kowane ɗigo na fatarsa ke amsa haske. Da taimakon wannan na'ura aka yi The Curious Case of Benjamin Button a 2008, inda a cikin minti 52 na farko kan tsohon da ake gani ba kan kowa ba ne, ƙirar kamfanin Digital Domain ce aka ɗora a wuyan wasu 'yan wasa. Masu kallo da yawa sun fita daga silima ba su sani ba. Fim ɗin ya ci lambar Oscar ta fannin dabarun hoto.

Akwai wani ra'ayi da kowane ɓangare ke ja wajensa. A 1970 Masahiro Mori, masanin mutum-mutumi a Japan, ya rubuta cewa gwargwadon yadda abin da aka ƙera ke ƙara kama da mutum, gwargwadon yadda muke ƙara sakin jiki da shi, har sai ya zo gab da zama mutum sak. A nan sai sakin jikin ya rikiɗe ya koma tsarguwa, kuma in abin yana motsi tsarguwar ta fi tsanani. Ya zana wannan a matsayin kwari mai zurfi kafin a kai tudun ƙarshe. 'Yan awo suna cewa kwari ai yana da tsallake, a ci gaba da tara bayanai har a haye. Kuma suna da abin nunawa: a 2021 kamfanin Epic Games ya fito da MetaHuman, bayan ya sayi 3Lateral na ƙasar Sabiya da Cubic Motion na Ingila. Manhaja ce da aka gina bisa fuskokin mutanen da aka kwafa, kuma da ita ɗalibi zai iya haɗa mutum mai gashi da haƙora da ƙwarangwal ɗin fuska cikin ƙasa da awa guda, aikin da a da yake cin makonni ko watanni. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga ƙananan kamfanoni, kuma duk wanda ya raina shi bai taɓa kwana yana gyaran fatar ido ba.

To, me 'yan hannu ke cewa? Da farko suna komawa kan Benjamin Button ɗin nan da ake tinƙaho da shi. Jarumin fim ɗin, Brad Pitt, yana da shekara arba'in da 'yan kai lokacin da aka yi fim ɗin, saboda haka babu wani Brad Pitt ɗan shekara tamanin da za a zaunar a cikin keji. Masu sassaƙa ne, Rick Baker da Kazuhiro Tsuji, suka ƙera kawunan tsufansa da hannu, bisa saninsu na yadda nama ke saki daga ƙashi, yadda kunne da hanci ke sauyawa, yadda kumatu ke zubewa. Waɗannan sassaƙe-sassaƙen aka kwafa. Na'urar ta auna abin da hannu ya riga ya yanke wa hukunci. Bayan haka ma mutum fiye da ɗari suka shafe kusan shekara biyu suna aiki a kan fuskar.

Sannan kwafin da na'ura ke bayarwa ɗanye ne. Yana zuwa da miliyoyin alwatikai a hargitse, ba ya lanƙwasuwa. Dole wani ya sake saƙa ragar, ya jera layukanta su zagaye ido da baki yadda tsokokin wurin suka zagaye su, in ba haka ba ranar da mutumin zai yi murmushi fuskarsa za ta tattare ta inda bai kamata ba. Ido ba ya kwafuwa da kyau saboda yana da ruwa kuma haske na ratsa shi. Gashi ba ya kwafuwa saboda siranta. Cikin baki ma haka. Wato dai wuraren da mai kallo ya fi zuba wa ido su ne na'urar ta fi gazawa a kansu.

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a nan ne nake ganin 'yan hannu sun fi ƙarfin hujja. Tun 1862 likitan Faransa Duchenne ya nuna cewa murmushin gaske yana haɗawa da tsokar da ta kewaye ido, na yaƙe kuwa a baki yake tsayawa. A 1978 Paul Ekman da Wallace Friesen suka tsara motsin fuska gida-gida, tsarin da masu haɗa fuskokin kwamfuta ke aiki da shi har yanzu. Amma sanin jerin motsin bai isa ba, domin kowane mutum da yadda yake amfani da nasa. Misalin fim ɗin Rogue One na 2016 ya ishe mu. An so dawo da ɗan wasa Peter Cushing, wanda ya rasu a 1994, ya sake fitowa a matsayin Tarkin, rawar da ya taɓa takawa. Kamfanin ILM ya yi sa'ar samun zubin ainihin fuskarsa da aka yi don wani fim na 1984, ga kuma ɗan wasa Guy Henry yana yin motsin ana kwafa. Duk da haka da aka haɗa, sai abin ya fito kamar wani ɗan'uwan Cushing. Sai da ma'aikatan suka zauna suna bitar tsofaffin finafinansa, suka lura da cewa in yana furta wasu sautuka leɓensa na sama ba ya motsi, muƙamuƙinsa rabi yake buɗewa, haƙoran ƙasa ne ke bayyana. Ido ne ya gano wannan, hannu ya gyara. Kuma bayan duk wahalar, masu kallo sun rabu biyu a kansa.

Inda aka dogara da kwafin motsi fiye da kima, sakamakon bai yi daɗi ba. An yi ta sukar idanun yaran The Polar Express na 2004 da cewa babu kowa a bayansu, kuma Mars Needs Moms na 2011, wanda ya ci dala miliyan 150, bai dawo da miliyan 40 ba. Su kuwa waɗanda suka ƙi shiga kwarin Mori tun farko, suka zaɓi salo, sun yi ta cin riba: Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018 ya ɗauki Oscar da fuskoki masu layukan tawada, Arcane na kamfanin Fortiche da ke Faris ya fito a 2021 da fata mai alamun burushi. Ba wanda ya ce mutanen ciki ba su da rai.

Wannan zaɓi ma ba sabo ba ne a ƙasarmu. Masu ginin yumɓu na Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, sama da shekara 2000 da suka wuce sun yi kawuna manya da idanu masu siffar alwatika da huda a tsakiya, suka kuma ba da lokaci mai yawa ga gyaran gashi da duwatsun wuya. Masu zubin tagulla na Ife, waɗanda aka tono tarin kawunansu a 1938, sun bi tsarin fuska sau da ƙafa har Turawan lokacin suka yi ta musun cewa aikin 'yan Afirka ne. Hanya biyu ce, kuma kowacce ta fito daga mutanen da suka ƙware wajen kallon ɗan Adam.

Sai dai 'yan awo ba su rasa amsa ba, kuma amsarsu tana da cizo. Suna cewa salo ba ya biyan kowace buƙata. Da ɗan wasa Paul Walker ya rasu a 2013 ana tsakiyar ɗaukar Furious 7, ba katun ake nema ba, fuskarsa ake nema, kuma da ƙannensa biyu da aikin Weta aka kammala fim ɗin. Haka mai tsayawa a madadin jarumi a wurin haɗari, haka wasannin bidiyo da ke son mai wasa ya ji yana cikin duniyar gaske. Suna kuma cewa finafinan salon kansu da lissafin hasken fata na masu bincike suke aiki. Mafi zafi, suna cewa hannu ma kwafa yake yi, sai dai ba ya faɗa. Ɗalibai da yawa a littafin Andrew Loomis na 1943 suka koyi awon jiki, inda tsayin mutumin da ake ɗauka cikakke ya kai tsawon kansa sau takwas, alhali yawancin mutane ba su wuce bakwai da rabi ba. Suna koyo daga gumakan Girka da Rum, sannan daga aikin junansu. Shi ya sa 'yan matan finafinan katun da yawa suka zama kamar 'yan gida ɗaya: manyan idanu, ɗan ƙaramin hanci, zagayayyar fuska. Na'ura aƙalla ba ta da wanda take so. In hancinka ya karkace, haka za ta kawo shi, kuma wannan karkacewar ce ke sa fuska ta zama ta wani. Na yarda da wannan suka ɗari bisa ɗari.

Wurin da muhawarar ta fi shafar mu shi ne baƙar fata da gashinmu, kuma a nan ɓangarorin biyu duk sun ji kunya. A 2020 Theodore Kim, malami a Jami'ar Yale wanda ya taɓa aikin bincike a Pixar, ya rubuta a mujallar Scientific American cewa lissafin fata da gashi da masana'antar ta gina kanta a kai an tsara shi ne da farar fata da miƙaƙƙen gashi a zuciya. Wannan warwatsuwar haske da ta ba Gollum rai ta fi bayyana a farar fata. A baƙar fata sinadarin melanin da ke saman fata yana shanye kaso mai yawa na hasken, saboda haka abin da ya fi fito da siffar fuska shi ne sheƙi, yadda goshi da karan hanci da ƙashin kunci ke maido da haske. Wanda ya ɗauki fatar da aka tsara wa Bature ya rage mata haske kawai, abin da zai samu fuska ce mai toka-toka, mara armashi. Da Pixar ta zo yin Soul a 2020, fim ɗinta na farko da baƙar fata ke jagoranta, sai da ta nemi shawarar mai ɗaukar hoto Bradford Young kan yadda ake haska irin wannan fata.

Gashi ya fi muni. Lissafin hasken gashi da Marschner da abokansa suka fitar a 2003 ya zama ginshiƙi, an kuma zuba kuɗi mai yawa a kan dogon gashin jarumar katun Rapunzel a 2010 da jan gashin takwararta Merida mai lanƙwasa a 2012. Gashi mai murɗewa ƙwarai irin namu, wanda sili ke naɗewa ya sauya alkibla ya sarƙe da maƙwabcinsa, an bar shi a baya. Masu wasannin bidiyo baƙar fata sun daɗe suna ƙorafin cewa in sun zo zaɓen gashi, 'yan salo kaɗan ake ba su, su ma ba a yi su daidai ba. A.M. Darke ta Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz ta kafa ɗakin ajiyar salon gashin baƙar fata na 3D kyauta, a 2023 aka fitar da jagora mai suna Code My Crown, a 2024 kuma ita da Kim da ɗalibansa suka gabatar da lissafin da ya dace da murɗaɗɗen gashi. Shekara ashirin da ɗaya ke nan bayan na Marschner.

Ɗan awo zai ce maganin a fili yake: a kwafi 'yan Afirka da yawa, a gyara lissafi. Rabin maganarsa gaskiya ce, don babu kaifin idon da zai maye gurbin lissafin da babu shi. Amma kwafar fuska tana da nata rikici. A yajin aikin kwana 118 da ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta SAG-AFTRA ta yi a 2023, ɗaya daga cikin manyan batutuwa shi ne kada a kwafi siffar ɗan wasa a yi ta amfani da ita ba da izininsa ba kuma ba biya. In masu ƙungiya mai ƙarfi sai da suka ajiye aiki kafin su sami wannan kariya, ina ga saurayin da za a ba 'yan kuɗi a Kano ko Damagaram ya zauna a gaban kyamarori? Wa zai mallaki fuskarsa bayan shekara goma, kuma a bakin wa za a sa ta ta yi magana?

Ko an warware wannan, akwai abin da kejin fitilu ba zai kawo ba. Mutumin MetaHuman rigar kanti ce: tana shiga jiki, amma tela bai auna kafaɗarka ba. A ce ana son ƙera dattijuwar Bahaushiya. Dole a san yadda kitson shuku ko kalaba ke jan fatar kai, inda tsaga ke bi, yadda gashin goshi ke janyewa bayan shekaru na kitso. Dole a san cewa bille ko zanen kalangu tabo ne mai zurfi da ke motsi tare da kunci, ba layin fenti ba. Kwalli yana sauya yadda farin ido ke fitowa. Lalle yana dusashewa daga wasu wurare kafin wasu. Sannan ga zama: ƙwarangwal ɗin da aka gwada shi da tafiya da gudu da zaman kujera yakan lalace a gwiwa da ƙugu in aka sa shi ya durƙusa gaisuwa ko ya tanƙwashe ƙafa a tabarma, domin cinya da ƙwauri suna matse juna, kuma sai an tsara ragar wurin da wannan a zuciya. Yarinyar da ke sunkuyar da kai a gaban surukarta, wanda bai san kunya ba zai ba ta fuskar tsoro ko ta baƙin ciki, alhali ba ko ɗaya.

Saboda haka ni ina tare da 'yan hannu, bisa sharaɗin su karɓi sukar da aka yi musu. Hannun da ya koyi mutum daga Loomis da finafinan Disney kaɗai bai fi na'ura ba, ya ma fi ta son kai. Matashin da ya sauke manhajar Blender, wadda take kyauta tun 2002, kuma yake son mutanensa su inganta, zai fi amfana da ƙera ƙoƙon kai sau da yawa har ya san inda ƙashi ke kusa da fata, da nazarin hannu mai ƙasusuwa 27, da zama a tasha ko kasuwa yana zana fuskokin da ba a gyara ba, fiye da sauke sabon kwafin hudojin fata. Hudojin su zo a ƙarshe, in siffa ta tsaya. Kwafin na'ura kuma ya riƙe shi a gefe yana duba aikinsa da shi, musamman don ya kama kansa in ya fara miƙe hancin da Allah ya halitta a karkace. Ɓangaren lissafin fata da gashi kuwa ba aikin mai zane ba ne, na sassan kimiyyar kwamfuta da fiziks ne a jami'o'i, kuma ban ga dalilin da zai sa jami'o'in Zariya da Kano da Yamai su jira Yale ta auna musu yadda haske ke sauka a goshin ɗalibansu ba.